Kifin salmon: ɗari sun gangara teku, biyar sun dawo, ina sauran?

Auwal Bagan: Assalamu alaikum 'yan zaure. Na zo da wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Kun san karatun kifi ya kawo ni Nowe. A watan Yunin 2024 hukumar muhalli ta ƙasar nan ta rufe koguna 33, ta ce kada wanda ya sake jefa ƙugiya don kama salmon, alhali kakar kamu ta riga ta kankama, har baƙi daga ƙasashen waje sun biya kuɗin masauki. Dalili ɗaya ne, kifin bai dawo daga teku ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, salmon na daji a kogi ake ƙyanƙyashe shi, cikin tsakuwa. Sai ya yi shekara ɗaya zuwa huɗu, wani wurin ma fiye, yana nan ɗan mitsitsi. Idan ya kai tsawon tafin hannu sai jikinsa ya koma kalar azurfa, tsakanin Afrilu da Yuni ya gangara teku. Bari in riƙa ce musu 'yan gangara don sauƙin magana. A teku zai yi hunturu ɗaya, biyu ko uku yana kiwo, wasu har gaɓar Girinlan suke kaiwa, sannan ya juyo ya shiga ainihin kogin da aka haife shi ya saki ƙwai. To akwai koguna da aka yi musu tarko ana ƙirga duk mai fita da duk mai dawowa. A kogin Bush na Arewacin Ailan, kafin 1997 wajen kashi 30 cikin 100 na 'yan gangara ke komowa bakin gaɓa. Daga baya abin ya faɗi ƙasa da kashi 5. Ƙungiyar NASCO mai kula da kifin nan a arewacin Atlantika ta ce yawansa ya ragu da fiye da rabi tsakanin 1983 da 2016. Tambayata ga manya: me ke cin su a teku?

Ɗan Baiwa: Wa alaikumus salam. Malam Auwal mu da ko tarwaɗa ta gagare mu saye, kai kana ta kifin Turawa? Ku ƙyale su su ji da abinsu mana.

Malam Garba Yawuri: Ɗan Baiwa bari yaro ya yi magana. Auwal ɗana, ni a cikin jirgin su na tashi, na kuma yi shekara talatin ina aikin kifi kafin in ajiye. Duk inda ka ji an ce kifi ya ɓace, kada ka yi nisa wajen bincike, duba hannun mai koma. Ruwa ba ya tsami banza. A Kainji mun gani da idonmu, masu taru mai ƙananan idanu suna jawowa har da 'ya'yan da ba su kai ɗan yatsa ba, gobe kuma su ne a gaba wajen kukan babu kifi. Turawan nan da jiragensu kamar unguwa guda, ai su suka kwashe abinsu. Ba sai an yi digiri a kai ba.

Auwal Bagan: Allah ya ƙara girma Baba. Da ma nan na so a fara, don ni ma haka na zo da shi a kaina. Kuma a da gaskiya ne. A 1973 an kama wajen tan dubu 12 na salmon a arewacin Atlantika. A yammacin Girinlan kaɗai, inda kifin Kanada da na Turai ke haɗuwa kiwo, an kwashi tan 2,689 a 1971. Amma Baba duk wannan an rufe shi ɗaya bayan ɗaya. Wani ɗan kasuwa mutumin Aisilan, Orri Vigfússon, ya tara kuɗi ya riƙa biyan masunta su bar kamun, masuntan tsibiran Faro suka daina tun 1991. Kanada ta rufe kamun kasuwa a Newfoundland a 1992, Labrador a 1998, Quebec a 2000. Ailan ta hana ragar da ake saki ta bi ruwa a 2007. Girinlan ɗin da ake kwasar dubbai, an mayar da kasonta tan 27. An naɗe koma, an jingine jirage, kowa ya zauna jiran kifi ya cika kogi. Shiru kake ji. Maimakon ya ƙaru ma ci gaba ya yi da raguwa. A Disambar 2023 hukumar IUCN mai lissafin halittun duniya da ke fuskantar ƙarewa ta sa shi cikin halittun da ke dab da shiga haɗarin ƙarewa, na Birtaniya kuwa ta ce ya riga ya shiga.

Malam Garba Yawuri: To satar hanya ake yi da dare. Doka a takarda daban, doka a kan ruwa daban. Wannan kam na sani.

Dakta Zainab Inbanes: Baba ina wuni. Ba a rasa ɓarayi ba, amma akwai abin da ke nuna ba su ne uwar matsalar ba. Masu bincike sun jera alƙaluman koguna na gefen Turai da na gefen Kanada da Amurka, sai suka ga faɗuwar tare take tafiya, shekarar da ta yi wa wannan gefe muni ita ta yi wa wancan. Kogunan da ke nesa da juna da dubban kilomita, dokokinsu daban, masuntansu daban, me zai sa su faɗi tare in ba wurin kiwon da suka haɗa ba? Sai dai ina da gyara ga maganar Auwal. Kalmar nan "sun mutu a teku" tana yaudara. Abin da aka sani shi ne an ƙirga su a tarko wajen fita, an ƙirga su wajen dawowa. Duk wanda ya ɓace a tsakani sai a rubuta teku ta ci shi. A 2019 a nan Sikotlan aka sa wa ɗaruruwan 'yan gangara 'yar na'ura mai fitar da sauti a ciki, a koguna bakwai masu zuba a mashigin Moray, aka jera na'urorin saurare tun daga kogi har bakin teku. Kusan rabinsu ko ruwan gishiri ba su taɓa ba. A tafki da bayan madatsa da wuraren da ruwa ya yi sanyin gudu suka ɓace. Ana zaton wuta a maƙera sai ga ta a masaƙa.

Ɗan Baiwa: Dakta ai wataƙila na'urar ce ta kashe su. A farke cikin ɗan kifi a cusa masa batir, ni ma aka yi mini haka ba zan kai tasha ba.

Dakta Zainab Inbanes: Wallahi yau ka yi tambayar masana. Ana lissafa wannan, shi ya sa ake zaɓar waɗanda suka ɗan fi girma, kuma ba wanda ke cewa na'urar ba ta da tasiri ko kaɗan. Amma da ita ce kaɗai, da mutuwar ta bazu ko'ina daidai. Sai aka ga a wasu wurare takamaimai take taruwa.

Habu Mai Keji: Ina ta jira in ga wanda zai fara jifan mu, tunda duk hirar salmon a kanmu take ƙarewa. Shekara shida ke nan ina aiki a gonar salmon a arewacin Nowe. Ku faɗa kawai, kwarkwata.

Auwal Bagan: Yaya Habu kai ka kira ta da kanka. Jama'a, kwarkwatar teku wata 'yar halitta ce da ke manne wa salmon tana cin majinar jikinsa da fata har ta kai ga jini. Tun asali tana nan. Amma a da, lokacin da 'yan gangara ke fita, manyan kifaye masu ɗauke da ita kaɗan ne a bakin gaɓa. Yanzu kuwa ɗaruruwan miliyoyin salmon na kiwo ne zaune cikin keji a kan hanyarsu, rani da damina. Ɗan gangara mai nauyin giram 15 ko 20, kwarkwata goma da ɗoriya ta isa ta gama da shi.

Habu Mai Keji: To ni bari in faɗa muku abin da hannuna ke yi. Duk mako muna kwaso kifi daga kowane keji, mu zuba su a baho mai maganin sa barci, mu juya kowanne ciki da baya, ƙarƙashin fiffike, bayan kai, muna ƙirga kwarkwata ɗaya bayan ɗaya, yatsu sun ƙage don sanyi. Doka ta ce kada matsakaicin ya kai rabin macen kwarkwata a kan kifi ɗaya, lokacin fitar 'yan gangara kuma 0.2. Ka wuce, dole ka yi magani ko ka yanka kifinka. Maganin ma azaba ne, a bi da kifi ta cikin ruwan ɗumi ko a wanke shi da matsin ruwa, washegari mu kwashi matattu. A 2023 sama da miliyan 60 suka mutu a kejin ƙasar nan. Wa zai so kwarkwata? Mu ta fi ci wa dukiya.

Sannan ku amsa mini wannan. Gabashin Sikotlan babu keji a teku, Dakta shaida ce. Me ya sa kifin kogunan can, Spey da Dee da Tweed, ya ragu? Kogin Frome na kudancin Ingila wane keji ke kusa da shi?

Dakta Zainab Inbanes: Wannan gaskiyarka ce Malam Habu, kuma duk wanda ya ce keji ne kaɗai bai yi adalci ba. Amma shi ma wanda ya ce keji ba komai, akwai lissafin da ke jiransa. Ana ɗaukar 'yan gangara a yi musu alama, a raba biyu, rabi a ba su maganin da ke kare su daga kwarkwata na 'yan makonni, rabi a bar su haka, a sake su rana ɗaya wuri ɗaya, a jira masu dawowa. A 2013 rigima ta tashi a kan irin wannan gwaji. Masu binciken wata cibiya a Ailan suka ce bambancin kashi 1 ne kacal cikin 100, don haka kwarkwata ƙaramar magana ce. Wasu masanan kuma, a shekarar, suka haɗa gwaje-gwaje irin waɗannan suka ce asarar ta kai kashi 39 cikin 100 na manyan da ya kamata su dawo. Kamfanoni suka rungumi na farko, masu ƙugiya suka rungumi na biyu.

Ku duba da misali na kaina. An saki dubu masu magani, 40 suka dawo. An saki dubu marasa magani, 30 suka dawo. Kashi 4 da kashi 3 ke nan, bambanci ɗaya. Amma kogi bai san dubu ba, waɗanda suka shigo yake gani, kuma cikin arba'in an rasa goma.

Hajiya Maman Ummi: Af, ashe lissafin kasuwa ne kuke ta naɗe shi da Turanci. Na zuba jarin naira ɗari, ribata huɗu, yaron shago ya zare naira ɗaya ya ce Hajiya ai ɗaya ce tak cikin ɗari. Ƙarya yake, rubu'in abincin gidana ya ɗauke. Uwar kuɗi ai ba ita nake ci ba.

Dakta Zainab Inbanes: Hajiya kin gama magana. Da ke aka tura taron nan da an huta da shekaru ana musayar takardu.

Auwal Bagan: Kuma Yaya Habu 0.2 ɗin nan ka ninka shi. Keji ɗaya doka ta yarda a zuba kifi har dubu 200. Ka ga mata dubu 40 ke nan a keji ɗaya wanda bai karya doka ba, kowace tana jan igiyoyin ƙwai biyu masu ɗaruruwan ƙwai, ruwa na kwasa yana yaɗawa. Gona ɗaya kuma keji nawa ne? Gwamnati da kanta ta yarda, shi ya sa tun 2017 ta raba gaɓar ƙasar yanki 13 tana ba su kala kamar danjar titi. Inda aka ƙiyasta kwarkwata na kashe sama da kashi 30 na 'yan gangara ja ne, a rage kiwo da kashi 6. Nan kusa da mu akwai kogin Vosso, wanda a da ake ji da shi a duniya don girman kifinsa. Wajen ƙarshen shekarun 1980 ya durƙushe. Da aka zo ceto, sai aka riƙa zuba 'yan gangara a tanki ana jan su da jirgi a wuce da su dogon mashigin da ke tsakanin kogin da teku a sake su can bakin teku. Waɗanda aka yi wa rakiya sun fi waɗanda suka bi hanya da kansu dawowa nesa ba kusa ba.

Habu Mai Keji: Wannan ya nuna akwai abu a mashigin, bai ce kwarkwata ce kaɗai ba. Akwai manyan kifaye masu haɗiye su, akwai tsuntsaye. Amma ba zan yi musun abin da na gani ba, yammacin ƙasar nan keji ya yi yawa. Mu nan arewa ruwa ya fi sanyi, kwarkwata ba ta hayayyafa da sauri haka. Abin da ke ba ni haushi kawai, mai motar da ke ɗumama duniya da mai wutar lantarkin da ya datse kogi duk sun yi lamo, an bar mai keji da kunya.

Hajiya Maman Ummi: Ni fa tambaya gare ni. Kwalayen titus da nake sayarwa a ɗakin sanyi, sau da yawa Nowe nake gani a jiki, wani sa'in Faro. Ruwa ɗaya suke da wannan salmon ɗin naku?

Auwal Bagan: Hajiya ruwa ɗaya, akushi ɗaya ma. 'Yan gangaran Ailan da Sikotlan suna bin wata igiyar ruwa ta gefen yamma su haura tekun Nowe, a can kuma titus da shawa suke kiwo da rani. Daga wajen 2007 titus ya bazu arewa da yamma har ruwan Aisilan, har ƙasashen suka yi ta rigima a kan rabonsa. Magana biyu ake yi. Ta farko, ko yana cinye ƙananan halittun da 'ya'yan kifayen da salmon ke ci suke rayuwa a kai. Ta biyu, jiragen titus na jan raga a saman ruwa, daidai inda ɗan salmon ke iyo, kuma kifi mai tsawon taƙi ɗaya cikin tan ɗaruruwa da ake zuƙa da bututu wa zai gan shi? Masana ba su haɗu a kan girman ko ɗaya daga ciki ba.

Amma ga abin da na gani da idona. Masu ƙugiya a nan in sun kama salmon sukan kankare ɓawon jikinsa kaɗan daga bayan fiffiken baya, su sa a 'yar ambulan, su rubuta kogi da rana da nauyi su aiko. Akwai akwatuna cike da su na shekaru da dama. In ka sa ɓawo ɗaya a madubin ƙara girma sai ka ga zobba kamar na kututturen bishiya. Na tsakiya a matse suke, rayuwar kogi ke nan, abinci kaɗan. Sai kwatsam su buɗe, ranar da ya shiga teku ke nan. Sai su sake matsewa, hunturu ya zo. Ranar farko da na iya karanta ɗaya ni kaɗai, na daɗe zaune ina kallo, kifin da aka cinye tun ban shiga firamare ba yana ba ni labarin yunwarsa da ƙoshinsa. Wani bincike da ya fito a 2022 ya karanta irin waɗannan sama da dubu 50, ya ga a shekarar 2005 girman da kifin ke yi a shekararsa ta farko a teku ya faɗi gaba ɗaya a kogunan kudanci da tsakiyar Nowe, bai kuma koma yadda yake ba. Lokacin ya zo daidai da raguwar ruwan sanyi mai shigowa daga arewa da raguwar ƙananan halittun ruwa. A gefen Kanada kuma wani ɗan kifi mai maiƙo da ake kira kafelin, wanda shi ne tuwon salmon a Girinlan, ya durƙushe tun wajen 1991.

Ɗan Baiwa: Wato Hajiya ce ke taimakon salmon, tunda tana rage masa kishiya. A ƙara mana titus a rage kuɗi, don ceton muhalli.

Hajiya Maman Ummi: Kai dai biya bashin kwali biyun da ke kanka tukuna.

Injiniya Sani Bankuba: Salam. Na makara, yanzu muka tashi daga aiki. Ku leƙo gefenmu na Fasifik ku ga abin da zai rikita duk wanda ya riƙe dalili ɗaya. Nau'in nan daban ne da na Atlantika, su in sun saki ƙwai mutuwa suke gaba ɗaya. A kogin Fraser da ke wucewa ta garin nan na Bankuba a Kanada, a 2009 an yi hasashen jan salmon wajen miliyan 10, miliyan ɗaya da rabi suka zo. Hankali ya tashi, gwamnati ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin mai shari'a Cohen. Kwamiti na zama, a 2010 sai ga kusan miliyan 28 sun cika kogi. Da rahoton ya fito a 2012 cewa ya yi ba a sami mai laifi guda ɗaya ba, abubuwa ne suka taru. A 2020 kuma ko dubu 300 ba su cika ba.

Ku haura Alaska. A mashigin Bristol Bay a 2022 jan salmon miliyan 79 suka dawo, ba a taɓa ƙirga irinsa ba. A jihar guda, kogin Yukon, babban salmon da ake kira cinuk ya kusa ƙarewa har Alaska da Kanada suka sa hannu a 2024 a bar kama shi shekara bakwai. Mutanen ƙauyukan nan da kifin suke cin hunturu tun kaka da kakanni, yanzu rumfunan shanya kifi a wofi suke. Babu keji a Alaska, doka ta hana. To Habu ka sami shaida.

Habu Mai Keji: Allah ya biya ka Injiniya.

Injiniya Sani Bankuba: Kada ka yi saurin godiya, a 2024 gwamnatin Kanada ta ce zuwa 2029 a kwashe buɗaɗɗen keji daga ruwan lardinmu na British Columbia. Kuma mu namu kiwon wata siga ya ɗauka. Amurka da Kanada da Rasha da Japan da Koriya suna ƙyanƙyasar 'ya'yan salmon wajen biliyan 5 duk shekara su sake su teku. An ɗauka teku makiyaya ce marar iyaka. Akwai ƙaramin nau'i mai ruwan hoda, shekara biyu kacal yake yi, ga ci ga yawa, kuma yawansa shekara ɗaya sama shekara ɗaya ƙasa yake. Masu bincike sun ga girman wasu nau'o'in yana bin wannan hawa da sauka. Ga kuma ɗumin da ya mamaye arewa maso gabashin Fasifik daga 2014 zuwa 2016. Su na Bristol Bay ɗin ma yawa suka yi, amma jikinsu ya ƙanƙance.

Auwal Bagan: Mai ruwan hodan nan ai ya iso mana. Rasha ta zuba shi a yankin Kola tun shekarun 1950, a 2017 ya ɓarke a kogunan Nowe, yanzu duk shekara mai mara, wato mai ƙarewa da 1, 3, 5, 7 ko 9, sai an kafa shinge ana tsince shi. Kogin Tana na iyakar Nowe da Finlan, wanda yana cikin manyan kogunan salmon na Atlantika, a 2021 aka rufe kamun salmon ɗan gida, baƙo kuwa ya cika shi.

Malam Garba Yawuri: Na karanta duka, har na sa jikata ta ƙara mini girman rubutu. Na janye rabin maganata, rabi kawai. Don abin da Injiniya ya faɗa duk hannun mutum ne, koma ce dai ta sauya kama. Amma ku 'yan boko akwai abin da ke damuna da ku. In kun ce teku ta yi ɗumi, abinci ya ragu, to an gama ke nan, kowa ya naɗe hannu? Wa zai sa wa teku ƙanƙara?

Dakta Zainab Inbanes: A'a Baba, nan ne ma aikin yake. A kogin Frome da Malam Habu ya ambata ana auna 'yan gangara ɗaya-ɗaya a sa musu alama. An ga mai tsawon santimita 16 ya fi mai 12 damar dawowa wajen sau uku. Santimita huɗu, faɗin yatsu biyu. Wannan tsawon kuwa a kogi ake samo shi, daga inuwar bishiya da tsabtar tsakuwa da yawan ƙwari. Kuma saboda koguna na ɗumama, fitar tasu tana matsowa gaba da wajen kwana biyu da rabi duk shekara goma, sai su isa teku abincin bai nuna ba. Shi ya sa a saman kogin Dee ake ta dasa bishiyoyi a bakin rafuka don ruwa ya yi sanyi. Idan cikin ɗari biyar ke dawowa, wanda ya fitar da dubu goma lafiyayyu ya fi wanda ya fitar da dubu biyar ramammu, ko da teku ba ta sauya hali ba. Danmak ta gwada a kogin Skjern, kifinsa ya kusa ƙarewa a shekarun 1980, aka mayar wa kogin lanƙwasarsa da aka miƙe, aka cire shingaye, aka taƙaita kamu, ya dawo dubbai.

Injiniya Sani Bankuba: Haka kogin Klamath, tsakanin Kalifoniya da Oregon a Amurka. An gama rushe madatsu huɗu a 2024, cikin 'yan makonni aka ga cinuk a saman kogin inda rabonsa da wurin ya fi shekara ɗari.

Auwal Bagan: Na yarda da ku, amma ina tsoron a mayar da wannan abin lallashin kai. Akwai koguna a arewacin Nowe da Kanada da ba madatsa, ba gona, ba gari, ruwa garau kamar ka sha, su ma manyan kifayensu masu hunturu biyu da uku sun ragu. Gyaran kogi yana sayen lokaci ne. In kashi 5 ya koma 2, ba bishiyar da za ta cike gurbin.

Dakta Zainab Inbanes: To ƙanena sai a fasa sayen lokacin? Kai da kanka ka kawo Vosso. Abin da ke hannunka shi kake fara cirewa, kwarkwata da madatsa suna hannu, zafin teku ba ya hannun hukumar kifi ta kowace ƙasa.

Habu Mai Keji: In dai za a tilasta wa kowa rufaffen keji lokaci ɗaya, ni ba ni da ja. Wanda ya fara shi kaɗai shi zai karye, don tsadarsa ba kaɗan ba ce. Ni dai a daina sa ni wankan kifi da ruwan ɗumi, na gaji da kwasar gawa. Asuba ta gabato a nan, jirgi ƙarfe shida yake tashi, sai da safenku.

Malam Garba Yawuri: Allah ya tsare Habu, a riƙa sa rigar ruwa. Auwal, maganar ɓawon nan ta tsaya mini a rai. Shekara talatin ina auna kifi da sikeli da tef, ban taɓa sa ɓawo a madubi ba. Na giwan ruwa ma yana karantuwa haka?

Auwal Bagan: Yana yin zobba Baba, sai dai tunda mu ba mu da hunturu mai tsanani irin nasu, alamar takan bi cikar ruwa da janyewarsa ne da lokacin sanyi, kuma ba ta fitowa sarai kamar ta salmon. In an sami babba a Yawuri a kankaro mini biyar ko shida daga gefen jiki, a shanya su a inuwa, a sa a takarda ba leda ba, a rubuta wata da nauyi. In na zo hutu zan karɓa.

Malam Garba Yawuri: Babba kuma? Sai dai mu sa masunta cigiya, rabona da ganin wadda mutum biyu ke ɗauka an kwana biyu. Zan yi wa Sarkin Ruwa magana ranar kasuwa.

Hajiya Maman Ummi: In an samu a ba Auwal ɓawon, a aiko mini da sauran.